Juyin Halitta, Kimiyya da Imani: Wane Littafi Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk ɗalibin kimiyya da ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya gamu da Lamarck da raƙumin dawansa mai dogon wuya, ya kuma gamu da Darwin, can wajen ƙarshen littafin bayoloji. Yawanci haddacewa ake yi, a amayar a takardar jarrabawa, a wuce wurin. Daga baya ne abin yake tasowa. Yaro ya samu gurbi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko Alƙalam, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, sai ya tarar juyin halitta, wato bayanin cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali har wasu su fito daga wasu, wanda ya ɗauka babi guda ne, ashe shi ne ginshiƙin fannin baki ɗaya. Da safe yana ɗakin lakca, bayan Magariba yana gaban malam a zaure, kuma ba ya son ya ƙaryata ko ɗaya. Daga nan sai neman littafi, kuɗin kuwa ba yawa gare su ba.

Shawarata a taƙaice: kada ka nemi littafi ɗaya ya yi maka aiki biyu, taura biyu ba ta taunuwa. Tambayoyi biyu ne a gabanka. Me masana halittu suke cewa, kuma da wace hujja? Me nassi ya faɗa, kuma a ina ya yi shiru? Marubucin da ya ƙware a ta farko da wuya ya ƙware a ta biyu, kuma mafi yawan asarar kuɗi a nan take faruwa.

Mu fara da wanda ya fi saurin faɗowa hannu, wato littattafan Harun Yahya. The Evolution Deceit da Atlas of Creation sun zagaya ƙasashen Musulmi, kuma PDF ɗinsu na yawo a WhatsApp. Takarda mai sheƙi, hotuna masu launi, ga ayoyi a ko'ina. Ban ba ka shawarar ka sa ko kwabo a kansu ba. Mai wannan sunan alƙalami, Adnan Oktar, Baturke ne da bai karanci bayoloji ba, bai kuma yi zaman gaban malamai a fannin tafsiri ko tauhidi ba. Yawancin hujjojinsa aro ne daga ƙungiyoyin Kiristocin Amurka masu adawa da Darwin, aka yi musu rawani. A cikin Atlas ɗin da ya fito a 2006, an sa hoton wani ƙwaro a matsayin shaidar cewa halittu ba su taɓa sauyawa ba, sai masana suka duba suka ga ƙwaron roba ne irin wanda masunta ke ɗanawa, ga ƙugiyar nan a fili a jikinsa. A 2022 kuma wata kotun Istanbul ta yanke wa Oktar ɗaurin shekara 8,658 kan laifuffukan da suka haɗa da lalata da jagorantar ƙungiyar masu laifi. Ɗalibin da ya ɗauki hujjar wannan littafi ya shiga da ita gaban lakcara, kunya kawai zai kwaso, kuma ya ɗauka addininsa ne aka kayar alhali Oktar aka kayar.

Na biyu a farin jini shi ne na Maurice Bucaille, likitan nan Bafaranshe, The Bible, the Qur'an and Science, wanda ya fito a 1976. Littafi ne mai mutunci, kuma iyayenmu 'yan boko da yawa sun ji daɗinsa. Sai dai ba maganar juyin halitta ya sa a gaba ba. Ya fi tsayawa kan halittar sammai da ƙasa, matakan ɗan tayi a mahaifa, da gawar Fir'auna. Kimiyyar cikinsa kuma ta shekarun 1970 ce, tun kafin a kammala karanta kundin ƙwayoyin gadon ɗan Adam a 2003, alhali yanzu a nan ne hujjoji mafi nauyi suke. Idan ka gan shi da araha ka saya don tarihi, amma ba zai amsa maka tambayar lakcara ba.

To, wa zai bayyana maka kimiyyar? Uku ne ake yawan ambata.

Your Inner Fish na Neil Shubin, 2008, shi ne zaɓina ga mai farawa. Shubin malamin ilimin sassan jiki ne a Jami'ar Chicago, kuma labarin da ya buɗe littafin da shi ya fi kowace muhawara nuna yadda fannin ke aiki. Shi da abokan aikinsa sun yi lissafi cewa idan har dabbobi masu ƙafa huɗu daga kifi suka samo asali, to ya kamata a samu wata halitta ta tsakani a duwatsun da suka kai kimanin shekara miliyan 375, waɗanda suka samu daga laka ta tsoffin koguna. Suka buɗe taswira, suka ga akwai irin waɗannan duwatsu a tsibirin Ellesmere, can ƙuryar arewacin Kanada. Suka yi ta zuwa suna dawowa hannu rabbana, sai a 2004 suka tono Tiktaalik: kifi mai ɓawo da fiffike, amma kansa shimfiɗaɗɗe, yana da wuya, kuma a cikin fiffikensa akwai ƙasusuwa masu tsarin kafaɗa da gwiwar hannu. Ko ka yarda da fassararsu ko ba ka yarda ba, za ka ga cewa ba zama aka yi a ɗaki aka ƙirƙiro tatsuniya ba. Daga nan yana bi da kai ta ƙananan ƙasusuwan kunne guda uku, da dalilin shaƙuwa, da dalilin da ya sa ƙaba ta fi kama maza. Turancinsa mai sauƙi ne, littafin ba shi da kauri, kuma bai taɓa addinin kowa ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai ajiye littafi a gidan da Baba ma kan ɗauka ya duba.

Why Evolution Is True na Jerry Coyne, 2009, ya fi shi faɗi. Ya tattaro hujjojin daga kowane ɓangare: ƙasusuwan kakannin kifin whale da aka tono a Pakistan, halittun tsibirai, gaɓoɓin da suka daina aiki, har da ƙwayar gadon haɗa bitamin C da muke ɗauke da ita amma ta lalace. Ga ɗalibin jami'a, wannan ya fi amfani a jarrabawa. Amma ka sani Coyne bai yarda da addini ba, har ya rubuta wani littafin daban a 2015 yana cewa imani da kimiyya ba sa haɗuwa. A wannan na 2009 ya kame bakinsa sosai, sai dai nan da can za ka ji ƙamshin ra'ayin.

Richard Dawkins kuwa sai an yi hattara wajen oda. The Greatest Show on Earth, shi ma 2009, bayanin hujjoji ne, kuma mutumin ya iya rubutu, amma yana da gatse ga masu imani. The God Delusion na 2006 ba littafin bayoloji ba ne sam, yaƙi da addini ne daga bango zuwa bango. Mutane kan ga sunan marubucin su ɗauka duk ɗaya ne.

Shi kansa littafin Darwin na 1859, On the Origin of Species, kyauta ne a intanet domin haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, don haka kada ka biya kuɗi mai yawa. Babin farko zai ba 'yan tantabara mamaki: Darwin ya yi kiwon tantabaru, ya yi ta haɗa iri da iri, ya kafa hujja cewa duk nau'o'in da masu kiwo ke alfahari da su daga tantabarar daji guda suka fito. Maganar asalin mutum kusan bai taɓa ta ba a ciki, sai a wani littafin na 1871. Amma Turancin tsoho ne mai dogayen jimloli, kuma Darwin ya rasu bai san yadda gado ke aiki ba. Tsarin DNA sai a 1953 aka gano shi. Ba da shi ake farawa ba.

Yanzu ɓangaren aƙida, inda ya fi kamata a tsaya.

Littafin da na fi ba da shawara shi ne Islam and Evolution na Shoaib Ahmed Malik, wanda Routledge ta buga a 2021. Bugun takarda yana da tsada, kamar yadda littattafan masana suka saba, amma an saki PDF ɗinsa kyauta da izinin mawallafa. Sauke shi ka kai shagon kwamfuta a buga maka, a yi masa bango. Malik ya kasa ra'ayoyin Musulmi gida huɗu. Akwai masu ƙin juyin halitta ɗungurungum. Akwai masu yarda da shi a dabbobi da tsirrai amma ban da mutum. Akwai masu cewa Annabi Adamu da Nana Hauwa'u kaɗai aka keɓe, su an halicce su ba uwa ba uba. Sai masu cewa babu wanda aka keɓe. Ya ɗauki ma'aunin Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya auna kowanne, ya ƙare da cewa ukun farko suna iya zama cikin wannan ma'auni, na huɗun ne ba ya shiga. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a zaure zai ji kamar a gida yake, domin a kan wajibi da mustahili da ja'izi aka gina muhawarar: shin ya halatta a hankalce Allah Ya fitar da wata halitta daga wata sannu a hankali? Idan ya halatta, shin akwai nassin da ya kore aukuwarsa? Babin da ya yi kan abin da masana ke kira dace ko katari a sauyin ƙwayoyin gado, da yadda hakan bai ci karo da ƙaddara ba, shi kaɗai ya isa kuɗin bugawa. Aibinsa shi ne nauyi, ba littafin da ake karantawa ana jiran mota a tasha ba ne.

Sai dai Katsina ba kowa ne Ba'ash'are ba, kuma wanda ya tashi a majalisin Izala zai iya ganin sunan Gazali ya ja baya. Ga irin wannan mai karatu, Islam and Biological Evolution na David Solomon Jalajel, 2009, ya fi dacewa, domin ya bi hanyar Ash'ariyya da Maturidiyya da ta Salafiyya duka, ya dogara da tsoffin tafsirai. Matsayinsa shi ne halittar Annabi Adamu mu'ujiza ce da nassi ya tabbatar, kamar yadda aya ta 59 a Ali Imrana ta kwatanta shi da Annabi Isa, amma nassi bai ce komai ba kan ko akwai wasu halittu masu kama da mutum kafinsa, don haka a dakata, kada a tabbatar ko a kore da sunan addini. Samunsa a takarda yana da wuya.

Islam's Quantum Question na Nidhal Guessoum, 2011, ya fi su duka faɗin fage. Guessoum ɗan Aljeriya ne masanin taurari, yana bin sawun Ibn Rushd, ya karɓi juyin halitta har da na mutum, ya kuma soki masu neman kowane sabon binciken kimiyya a cikin aya. Za ka ƙaru da shi, amma ka san matsayinsa kan mutum shi ne wanda mafi yawan malamanmu ba za su karɓa ba. The Language of God na Francis Collins, 2006, shi ma ana yawan ambatarsa. Collins ne ya jagoranci aikin karanta kundin gadon ɗan Adam, kuma Kirista ne mai riƙo da addininsa. Bayaninsa kan dalilin da ya sa mutum ke da tagwayen kromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) 23 alhali chimpanzi na da 24 ya fito sarai. Rabin littafin kuwa tauhidin Kirista ne, ka sani kafin ka biya.

Masu Larabci suna da nasu. Ar-Risalatul Hamidiyya ta Shaihu Husain al-Jisr, malamin Tarabulus ta Labanan, ta fito tun 1888, kuma tun a lokacin ya rubuta cewa idan hujja yankakkiya ta tabbata to akwai ƙofar tawili, muddin an riƙe cewa Allah ne Mahalicci. Abi Adam na Abdussabur Shahin kuwa ya ta da ƙura a Masar har aka je kotu, saboda ya ce an yi wasu halittu masu siffar mutum kafin Annabi Adamu. Wannan ba na mai farawa ba ne. Duk wanda ya karanta shi, ya kai wa malaminsa su duba tare.

Wani abu da babu ko ɗaya cikin littattafan nan da zai ba ka sosai shi ne misalan gida, sai ka ƙara da kanka. Klorokwin da ya daina kashe zazzaɓin cizon sauro har aka koma sababbin magunguna, ƙwayar cutar ce ta sauya. Sikila ta yi yawa a yankinmu ne saboda mai AS yana da kariya daga mummunar maleriya. A hamadar Djurab ta Chadi aka tono ƙoƙon kan Toumai, wata tsohuwar halitta mai kamannin biri da mutum, a 2001, wanda aka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. A Gadoufaoua ta Nijar aka samo ƙasusuwan Ouranosaurus, wata ƙatuwar dabbar zamanin da (dinosaur), kuma akwai wata tsohuwar dabbar teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda a yankin Goronyo ta Sakkwato aka same ta.

Maganar saye kuma, shagunan littattafai na cikin gari sun fi ajiye na makaranta da na addini, don haka waɗannan sai dai oda daga Kano, Abuja ko Legas, ko a ba mai tafiya Umara saƙon na Larabci. Ka rubuta wa mai shago cikakken suna da marubuci a takarda, kada ka ce masa kawai "littafin Darwin", domin abin da ke kusa zai miƙo maka. Idan kaya ya iso ka buɗe tsakiya ka duba zane-zane kafin ka biya. Na Shubin da na Coyne da zane suke bayani, bugun jabu kuwa yakan mayar da hoton ƙashi baƙin tabo, wani lokaci ma shafuka goma sun ɓace a tsakiya. Idan kuɗin littafi ɗaya ne a aljihunka, sayi Shubin, ka sauke Malik kyauta. Idan kana ajin ƙarshe a bayoloji, sa Coyne a madadin Shubin, ka tanadi kuɗin buga babukan Malik na ƙarshe, waɗanda suka yi magana kan ayoyi da hadisan halittar Annabi Adamu, domin su za ka ɗauka zuwa zaure.