Gidan tarihin Langdon Down da ke Teddington

Duk mai aiki da yara masu naƙasar fahimta, irina, in hanya ta kai shi Landan ya daure ya leƙa wannan wuri. Yana cikin tsohon ginin Normansfield, inda Dokta John Langdon Down da matarsa Mary suka buɗe gidan kula da irin waɗannan mutane a 1868. Ba shi da girma, amma kayan da ke ciki sun isa su tsayar da mutum.

Jirgin ruwan da James Henry Pullen ya ƙera ne ya fi riƙe ni, kwaikwayon katafaren jirgin ruwan Birtaniya mai suna Great Eastern, kowane ƙaramin katako a mazauninsa. Wanda ya yi wannan aiki a Earlswood, wani gidan kula da masu naƙasar fahimta inda Down ya taɓa aikin likita, ya ƙare rayuwarsa, cikin waɗanda likitocin lokacin suka yi wa rajista a matsayin wawaye.

Shi kansa Down ba mugu ba ne. Ya koya wa mutanensa sana'a, ya gina musu zauren wasan kwaikwayo da har yau yake tsaye da adonsa. Idonsa ma kaifi gare shi, don siffofin da ya bayyana a 1866, na larurar da ake kira larurar Down da sunansa, likita zai gane su yanzu. Sai dai da ya zo fassara abin da ya gani, awon zamaninsa ya ɗauka. Turawan lokacin sun gaji rabon Blumenbach, wani masani Bajamushe da ya kasa 'yan Adam gida biyar, shi kuwa Down ya jera marasa lafiyarsa a kan wannan rabo, ya ce waɗannan yaran Ingila sun koma kamannin Mongol. Abin mamaki, a ganinsa hakan hujja ce cewa asalin ɗan Adam ɗaya ne. Niyya mai kyau, ga ɓarnar da ta yi kusan shekara ɗari.

Sai 1959 aka gano a Faransa cewa ƙarin kuromozom na 21 (kuromozom shi ne ƙunshin ƙwayoyin gado a jikin mutum) ne sanadin larurar, babu ruwan launin fata ko ƙabila. A 1965 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina amfani da tsohon sunan larurar, wato "mongolism", bayan ƙasar Mongoliya ta yi ƙorafi.

Ƙungiyar masu larurar Down ce ke riƙe da wurin yanzu. A duba ranakun buɗewa kafin a tashi, kuma a ware lokaci don zauren wasan.