`gama[]` ko `gama[42]`: wanne ya fi wajen sabunta ayyuka?

A PHP (yaren shirya shafukan yanar gizo), idan fom ɗaya zai gyara jerin ayyuka da yawa a rumbun bayanai, wasu kan yi jeri biyu, `id[]` na lambobin ayyukan da `gama[]` na akwatunan da ake yi wa alama in an gama aiki, su haɗa na farko da na farko. Ba wuyar rubutawa, amma burauza ba ta aika akwatin da ba a yi wa alama ba. Sai `gama[]` ya gajarce, aiki na 7 ya kwashi alamar na 9, PHP kuwa ko uffan.

Na fi son `gama[42]`, lambar aikin na cikin sunan, `foreach`, umarnin PHP mai bin jeri ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo maka ita da ƙimarta. Wanda bai iso ba, ba a gama shi ba ke nan. Kafin UPDATE, wato umarnin sabunta rumbun bayanan, tabbatar aikin na mai aikowa ne, don kowa na iya sauya 42 ɗin.