Jirgin yawon buɗe ido na Ankara zuwa Kars, na shiga na dawo ga abin da na gani

Tun da na dawo 'yan uwa ɗalibai ke ta kirana wai wane jirgi ne wannan, ya ake samun tikiti, ya ci kuɗinsa ko dai hoto ne kawai, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Sunansa Turistik Doğu Ekspresi, wato jirgin gabas na masu yawon buɗe ido, daga Ankara babban birnin Turkiyya yake tashi ya ƙare a Kars can gab da iyakar Armeniya, kilomita 1,300 da 'yan kai. Dama akwai jirgin kullum da ke bin layin nan tun da daɗewa, da samari suka gano shi suka riƙa cinye tikiti har mutanen garuruwan kan hanya suna rasa wuri sai aka ware wannan a 2019. Shi duk taragunsa na kwana ne, baya tsaye-tsaye a ƙananan tasha, amma idan ya zo garin da ke da tarihi sai ya tsaya awa biyu uku har huɗu ku fita ku zaga ku dawo.

Mu biyu muka je a watan Janairu lokacin hutu, ni da abokina ɗan Damagaram da muke karatu tare, saboda ɗaki guda ake saya mai gado biyu ko kai kaɗai ne. Tikiti kam wahala, ana sakewa yake ƙarewa, sai da muka bi ta wani ejan da ya ɗora mana kuɗi ba kaɗan ba kuma ya haɗa mana da wasu motocin zagaye da zan zo kansu, gaskiya wannan ejan ban yafe salon da ya yi mana ba.

Ɗakin ƙarami ne amma tsaf, kujeru biyu da ake miƙewa su zama gado sama da ƙasa, zanin gado wankakke, ɗan firji, teburi, wurin caji, sannan abin da ya fi min komai, famfo da wurin wanke hannu a cikin ɗakin, alwala ba sai ka fita layi ba. Hita na aiki sosai har da daddare sai da muka cire rigunan sanyi alhali waje gilashi ya daskare. Alƙibla ce dai sai haƙuri don jirgin lanƙwasa yake ta yi cikin duwatsu, kana duba waya ta nuna nan kafin ka yi kabbara ta juya, mu dai kasaru da jam'i muka riƙa yi muna haɗawa da inda za a tsaya, Asuba kuma a ɗaki. Akwai taragon cin abinci, miya da nama da shayi, ba laifi, amma wanda ya san kansa ya riƙe yajinsa da ɗan kilishi ko dambu, abincinsu ba barkono. Netwok yana ɗaukewa sosai musamman wajen ramukan dutse, ka gaya wa gida tun wuri kada Hajiya ta kira ta ji a kashe hankalinta ya tashi.

Bayan Azahar muka tashi, dare ya yi mana a hanyar Kayseri da Sibas ba abin da muka gani. Da gari ya waye na ɗaga labule, wallahi na daɗe ban ce komai ba, duniya duk fari fat, ga wani kogi kore shar yana bin gefen layin tsakanin duwatsu, wani dattijo a koridon ya ce min ai wannan Karasu ne, ɗaya daga rassan da ke haɗuwa su zama Furatu. Furatun da muke ji a hadisi tun muna Islamiyya, ga shi ina kallonsa ta taga da kofin shayi a hannu. Na taso abokina na ce Malam sauko ka gani, shi ma ya tsaya shiru.

Erzinjan mun ɗan zaga kasuwa mun dawo. Erzurum ce tasha ta gaske a tafiyar zuwa, wajen awa huɗu, gari ne a kan tudu kusan mita 1,900 sanyinsa har cikin haƙori yake shiga. Mun yi sallah a babban masallacinsu da aka gina a 1179, kusa da shi ga makarantar nan mai hasumiya biyu ta ƙarni na 13, ka shiga ka ga ƙananan ɗakunan ɗalibai jere da ƙofofi gajeru sai ka sunkuya, na tsaya ina tunanin yaran da suka yi hadda a nan cikin wannan sanyin ba hita ba lantarki. Akwai kuma makarantar Yakutiye ta 1310 ba nisa. Daga nan muka gangara tsohuwar kasuwar masu carbi inda ake yin carbin baƙin dutsen Oltu, mara nauyi, yana ƙara sheƙi in ana ja, na saya wa Baba ɗaya. Mai shagon ya zaunar da mu ya ba mu shayi irin nasu, ba a zuba suga a ciki, ƙanƙarar suga kake sawa a baki kana kurɓa a kai, yana ta tambayar Najeriya da Nijar wai ƙasa ɗaya ce ko biyu.

Kars da daddare muka isa, mun kwana biyu a otal. Garin ya yi shekara 40 a hannun Rasha daga 1878 shi ya sa gine-ginen baƙin dutse suka yi yawa, har masallacin Fethiye asalinsa cocin sojojin Rasha ne. Mun ziyarci inda mutanen garin ke cewa nan ne kabarin Shehu Abul Hasan Harƙani, muka yi addu'a. Washegari Ani, tsohon birni kamar kilomita 45 daga Kars, da can babban birnin Armeniyawa ne kafin Alp Arslan, sarkin Turkawa Saljuƙawa, ya ci shi a 1064, yanzu kango ne, ganuwa da coci-coci da masallacin Menucehr a bakin wani kwari mai zurfi, tsallaken ruwan nan Armeniya ce kana hango ta. UNESCO ta sa shi a jerinta na wuraren tarihin duniya a 2016. Nan ne motar ejan ɗin nan ta ɓata min rai, wurin da ke son rabin yini aka ce mana awa ɗaya da rabi, ɗan rakiyar yana gaba yana sauri yana duba agogo don a kai mu tafkin Cildir da ya daskare a hau keken doki a yi bidiyo. Tafkin yana da kyau ban ce ba, amma ba don shi na baro Ankara ba.

To yanzu abin da ya sa na zauna rubutun nan, dawowa. Mutane da yawa zuwa kawai suke yi su dawo ta jirgin sama, kuma wallahi sun bar mai gaba ɗaya, don a hanyar dawowa ne jirgin ke tsayawa a Ilic da Divriği da Sibas. Divriği ɗan ƙaramin gari ne a jikin dutse wanda in ba jirgin nan ba da wuya ka ce za ka je, kuma a nan ne akwai masallaci da asibiti manne da juna da aka fara ginawa a 1228, sarki Ahmad Shah ya gina masallacin, Turan Melek mace ta gina asibitin, maginin mutumin garin Ahlat ne. Tun 1985 yake jerin UNESCO, an yi shekaru ana gyara sai 2024 aka sake buɗewa, mun taki sa'a. Ƙofofin nan ban san yadda zan kwatanta ba, dutse ne amma an sassaƙa shi ya fito waje kamar ganye da furanni da taurari, ka ga kamar aikin allura a wuyan babbar riga, kuma ɓangaren dama da na hagu ba iri ɗaya ba ne, duk inda ka kai ido sabon zane. Na sa hannu kusa ban taɓa ba, wani ganyen ya rabu da bangon har inuwa ke shiga bayansa.

Cikin asibitin akwai ɗan tafki a tsakiya da wata siririyar hanyar ruwa mai nannaɗewa, wani dattijo mai kula da wurin ya ce da ƙarar ruwan da karatu ake kwantar wa masu taɓin hankali da rai. Abokina ya ja ayoyi biyu a hankali, muryar ta cika ɗakin gaba ɗaya ba lasifika, wata tsohuwa Baturkiya da ke gefe ta fara share hawaye, da muka fito ta kamo hannun rigarsa ta cusa masa busasshen tuffa a aljihu tana ta sa albarka. Shekara kusan 800 da suka wuce mutane suka ga ya dace mara lafiyar ƙwaƙwalwa ya kwanta bango ɗaya da masu sallah, abin nan ya tsaya min a rai har yau, don na san yadda ake ɗaure irinsu da mari a wasu wuraren a gida.

Awa biyu da rabi aka ba mu, ka cire hawa da saukowa daga tasha saura kaɗan, mun yi Azahar da La'asar a ciki muka fito da gudu-gudu. Sibas kuma duhu ya fara, mun ga makarantun Saljuƙawa na 1271 a tsakiyar gari cikin fitilu, da safe sai Ankara.

Wanda ya tambaye ni ko ya ci kuɗinsa, eh ya ci, amma ka sayi na dawowa ko da shi kaɗai za ka iya, ka nemi tikitin da kanka tun ranar da aka buɗe, Ani kuma ku haɗa kuɗi ku ɗauki tasi ku yi zamanku. Takalmi mai kauri da safar hannu dole ne, mun ga 15 ƙasa da sifili a Kars. Dattijon Divriği ya ce in muka zo da bazara wajen La'asar akwai inuwa da ke fitowa a ƙofar yamma kamar mutum a tsaye yana sallah, da sanyi ba ta fita sosai, mun riga mun yi magana da abokina in Allah ya kai mu Yuni za mu shiga jirgin kullum mu sauka a can mu kwana biyu.