Zauren Baba Ajudan a unguwar Zariya ta Maraɗi

Ni atamfa nake saidawa a babbar kasuwar Maraɗi, ƙanena ne soja. Shekara 6 yana kaporal, wasu da suka shiga tare da shi har sun zama sarjan. In ya zo hutu aka taɓo maganar sai ya tashi ya fita. Wani abokin cinikina ya yi mini kwatancen wani ajudan (muƙamin soja sama da sarjan) mai ritaya da ke koyarwa a zauren gidansa bayan isha'i, na lallashi yaron muka je.

Jaka 5 ce a wata, dare 4 a mako: dikte, lissafi da rubuta rahoto da Faransanci. Yawancin ɗaliban samari ne masu shirin jarrabawar makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, sai ƴan kaɗan da ke harin makarantar hafsoshi. Karatun ba laifi, amma ana samun irinsa a wasu wurare.

Abin da ban gani ko'ina ba shi ne daren farko. Baba bai buɗe littafi ba. Ya dubi ƙanena ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da ka zauna da shef ɗinka kan maganar gabanka?" Yaron ya ce bai taɓa ba, yana gudun a ce ya cika rawar kai. Tsohon ya girgiza kai, ya warware masa: daɗewa kaɗai ba ta kawo ƙarin girma, sai an tura mutum horo ya samo CAT2, takardar ƙwarewar da ake nema kafin a zama sarjan, kuma sunan da za a tura daga hannun na sama da kai yake fitowa, shi ne mai ba ka maki duk shekara. Wanda bai san abin da kake so ba, yaya zai tuna da kai ranar rubuta sunaye?

Daga nan ya koya masa shiga. A nemi izinin ganawa ta tsari, kada a tsallake kowa. Kada a tare shef ranar da aka dawo sintiri daga dajin Madarunfa, kowa a gajiye. A je da takarda guda: ranar shiga aiki, horon da aka yi, da fanni biyu da ake so, ƙanena ya rubuta gyaran motoci da sadarwa. Kuma kada ya ce don me aka tsallake ni, ya ce, "Shef, mi ya rage mini?" Baba ya hau kujera a matsayin shef, ya sa shi ya shigo, ya sara, ya yi magana. Sau 5 yana maido shi bakin ƙofa saboda yana haɗiye murya. Ina zaune a gefe, wallahi sai da idona ya cika.

Ya koma bariki ya yi yadda aka ce. Shef ɗinsa ya faɗa masa gaskiya: rahotonsa ba ya karantuwa. Ya ɗora masa rubuta rahoton rukuninsu, yana gyara masa da jan biro. Har yau kaporal ne, amma ya san abin da ake jira daga gare shi, kuma yanzu shi ke kirana ya ba ni labari.

Wurin yana da aibi. Zauren ƙarami ne, mutum 15 kan benci ba fanka, a watan Afrilu sai mai haƙuri. In wuta ta tafi, fitilar waya ce. Baba yana da zafi, yakan yi wa magidanci faɗa gaban yara, wannan ban ji daɗinsa ba. Gudu da motsa jiki kuma babu ruwansa, kowa ya yi nasa da asuba.

Mai neman a yi masa hanya kada ya wahalar da kansa. A gabana wani uba ya miƙa ambulan, Baba ya ce, "Alhaji, maida kuɗinka aljihu, ka kawo mini yaron da kaye da biro." Bayan la'asar ake samunsa a ƙofar gida, gindin dogon yaro.