Aikin zuciyar Baba ya yi kyau, sallamar ce ta ɓata min rai

Baba ya daɗe yana shan maganin olsa, alhali ciwon ba ya tashi sai ya taka zuwa masallaci ko ya hau bene. Ya danne masa ƙirji, ya sauko hannun hagu, in ya zauna ya lafa. Da muka kai shi wani asibitin kuɗi a nan Abuja, likitan zuciya bai yi jinkiri ba. Aka yi ECG, wato gwajin yadda zuciya ke harbawa, sannan aka zura siririyar roba ta jijiyar wuyan hannu har zuciya, aka tura ruwan da ke fitowa a hoto. Ya kira ni gaban allon ya nuna min jijiya guda da kitse ya cushe, jini da ƙyar yake ratsawa. Nan take suka buɗa ta, suka sa ɗan ƙarfen nan mai kama da raga da ake cewa stent. Wallahi na zaci tsaga ƙirji za a yi, ashe Baba ma idonsa biyu, likitan yana ce masa "Sannu Baba, an kusa gamawa." Allah ya saka masa da alheri.

Kuɗi kam ba sai na faɗa ba, kun san Abuja.

Abin da ya ci min tuwo a ƙwarya ranar sallama ne. Aka miƙo min takarda: Aspirin 75, Clopidogrel 75, Atorvastatin, da na fesawa ƙarƙashin harshe. Na je ɗakin magani, wai Clopidogrel ya ƙare, mu saya a waje. Babu wanda ya ce min shi ne wanda ba a tsallake ko kwana ɗaya. Sai da daddare ƙanwata mai aikin jinya a Jos ta bugo hankali a tashe: "Yaya, in bai sha ba jini na iya daskarewa cikin ƙarfen, bugun zuciya ke nan!" Haka na taso daga Kubwa ina bin shagunan magani har Wuse.

Na fesawar ma ba a ce a zaune ake yi ba. Baba ya fesa a tsaye, jiri ya ɗebe shi, ga ciwon kai.

Likitan zan sake kai masa kowa nawa. Amma asibitin da ya karɓi kuɗin nan ya kasa zaunar da mu minti biyar ya yi mana bayanin magani, har yau ban huce ba.