Masu gyaran furofayil na LinkedIn a Gombe: aikin ya yi, amma ban da tsarinsu na wata-wata

Mutanen kasuwar Tudun Hatsi da yawa suna ta tambayata kan yaran nan da ke wajen Jekadafari masu gyaran furofayil, wato shafin bayanin mutum da sana'arsa, a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da kamfanoni, wai kuɗin da suke karɓa ya dace ko kuwa cin kuɗi ne kawai irin na 'yan boko. To ni dai na ba su aiki, sana'ata haɗa riɗi da waken suya da zoɓo ina ba manyan dillalai, ga kuma abin da na gani, wanda zai je ya je da saninsa.

Dalilin da ya sa ma na damu da abin, su masu sayen kaya na manyan kamfanoni a Legas da Kano, har da masu shigar da riɗi ƙasashensu irin Turkiyya da Japan, yawanci sai sun leƙa sun ga waye kai kafin su amsa maka imel, kuma LinkedIn na cikin wuraren da suke leƙawa. Tun 2003 aka buɗe shi, a 2023 kuma suka ce mambobinsu sun kai biliyan 1, mu nan ne dai muka bar wa masu neman aikin ofis kamar ba namu ba.

Wata matashiya ce ke rubutun, ƙaninta kuma shi ke ɗaukar hoto. Naira dubu 25 na biya, kuma gaskiya abin da ya fi burge ni ba ta ko buɗe laftof ba sai da ta zaunar da ni ta yi ta tambaya, tan nawa kake iya haɗawa a wata, daga ina kake sayowa, Kumo ne ko Dukku ko Bajoga, kana da sito naka ko haya ne, kana tankaɗe kayan ka cire tsakuwa ko yadda aka kawo haka kake lodawa, tsabtar riɗin kashi nawa ne, danshinsa fa, wa ke biyan kuɗin tirela. Wallahi irin tambayoyin da mai saye na gaske zai yi maka kenan, kuma daga amsoshin nan ta fitar da duk abin da ta rubuta, ba wai ta kwafo na wani ta canza suna ba kamar yadda ake yi wa yara CV a kafe.

Inda ta fi ɓata lokaci shi ne layin nan da ke ƙarƙashin suna. Yawancinmu shugaban kamfani kaza kawai muke sawa a wurin mu wuce, ita kuwa ta ce mai nema ba sunanka zai rubuta a akwatin bincike ba tunda bai san ka ba, sunan kayan zai rubuta da sunan ƙasa, in kalmomin ba sa jikin furofayil ɗinka da wuya ka fito. Kamar ka kafa allo a ƙofar sito ne ka rubuta sunanka kaɗai ba ka faɗi abin da ke ciki ba. Layin yana ɗaukar haruffa 220, ta cika shi da sunayen kayan uku da Gombe da Najeriya da cewa ina iya cika tirela. Sashen bayani kuma mai ɗaukar har haruffa 2,600 ba ta cika shi ba, ta ce layuka na farko kaɗai ake gani kafin mutum ya danna ya buɗe sauran, saboda haka abin da nake sayarwa da lambar ofis suka hau sama, tarihin yadda na gaji sana'ar ya koma ƙasa.

Akwai wurin da muka ɗan ja da ita, kuma shi ya sa na yarda da ita ma. Wani abokina da ya raka ni ya ce ta rubuta ina fitar da kaya waje don ya fi armashi, sai ta ce, "Alhaji kana da satifiket na NEPC?" wato na hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, na ce a'a, rajistar CAC ta kamfani kaɗai gare ni, masu fitarwa nake ba kaya. Ta ce, "To haka za mu rubuta Alhaji, duk abin da in an ce kawo takarda ba za ka iya nunawa ba, ba zai shiga ba." Haka aka yi.

Hoto ba laifi. Ba wanda ya ce sai na sa kwat, da babbar rigata da hula aka ɗauka jikin farin bango, fuska ta fito sosai, hoton bango kuma yaron ya bi ni har sito ya ɗauki buhuna a jere. Sun gajarta min adireshin furofayil ɗin ya koma sunana kawai, na sa a kati da WhatsApp, sun kuma kunna min tsaron nan da sai an turo lamba a waya kafin a shiga.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Turancin da ta fara rubutawa ya yi nauyi sosai, irin wanda in mai saye ya karanta sannan ya kira ka a waya zai ji kamar mutum biyu ne daban, sai da na ce Malama dan Allah sauko da shi daidai bakina, ta sake, amma ya kamata a ce da kansu suke lura da wannan tunda yawancin kwastomominsu 'yan kasuwa ne kuma manhajar ba ta da Hausa. Sannan alƙawarin ranar gamawa bai cika ba, yau babu wuta gobe sabis ya ɗauke, sai na yi ta kira. Kuma ba sa koya maka yadda za ka yi magana da mutane bayan an gama, sai da na tambaya sannan ta nuna min yadda ake haɗa gajeren saƙo da gayyata, ka faɗi waye kai da dalilin da ya sa kake neman mutumin, da yadda ake roƙon wanda ka taɓa ba kaya ya rubuta maka shaida a furofayil. Wannan ai shi ne rabin aikin, bai kamata sai an roƙa ba.

Abin da na ƙi gaba ɗaya shi ne tsarinsu na biyu, wai ka riƙa biya duk wata ka ba su kalmar sirrinka su riƙa tura gayyata da sunanka har yawan mutanen da ka haɗu da su ya kai 500+ ɗin nan da ake gani a furofayil. Dokar LinkedIn ta hana ba wani asusunka, akwai kuma iyakar gayyatar da za ka tura a mako, in ka cika tura wa waɗanda ba su san ka ba suna ƙi ana iya taƙaita maka asusun. Bayan haka ma me zan yi da ɗaruruwan mutanen da ba su taɓa sayen ko mudu ɗaya na riɗi ba? Gara min ashirin da ke ofishin sayen kaya, da masu tirela, da masu gwajin ingancin hatsi. Na faɗa mata haka, ba ta ji haushi ba.

Ciniki fa? Kar wanda ya ɗauka ana gamawa alat zai fara shigowa. Abin da ya fara zuwa min ma 'yan damfara ne, masu cewa akwai kwangila amma ka fara biyan kuɗin rajista, ita dama ta gargaɗe ni a kansu. Daga baya wani jami'in sayen kaya na wani kamfanin abincin kaji ya amsa saƙona ya nemi samfurin waken suya, na tura, har yanzu muna kan maganar farashi saboda kuɗin mota daga Gombe zuwa kudu ba wasa ba ne, amma dai da can ko amsa irin mutanen nan ba na samu.

In kana da rajistar CAC kuma kana iya cika mota, ko kana aikin da kamfanoni ke saya kamar sola ko gini ko lissafin kuɗi, je ka, ka tafi da takardunka da sunayen waɗanda ka taɓa yi wa aiki. Mai awo da mudu ko mai sayar da atamfa a gida kuwa, WhatsApp da Facebook sun fi masa amfani, ya riƙe kuɗinsa. Ka biya rabi tukuna, sauran sai ka sa an karanta maka abin da aka rubuta layi-layi ka yarda da shi.