Yadda SHCDS ya riƙe mini kulle a daren ƙaurar fayil

Daga gida nake aiki, a unguwar Birni ta Damagaram, ina kula ta intanet da babbar kwamfutar wani kamfanin hada-hadar kuɗi da ke wata ƙasa, wadda ke tafiya da tsarin z/OS na IBM. A watan da ya gabata aka ɗora mini mayar da wani fayil na VSAM, wato irin fayil ɗin adana bayanai na z/OS, zuwa wuri mafi faɗi saboda ya kusa cika, kuma a nan ne na fara amfani da umarnan SHCDS da gaske, wato umarnan duba kullen da ke kan irin wannan fayil da sarrafa su.

Matsalar ita ce fayil ɗin yana ƙarƙashin RLS, wato tsarin da ke ba wa yankunan CICS (manhajar IBM mai tafiyar da ciniki) da yawa damar taɓa fayil ɗaya lokaci guda, yana kulle layin bayanin da ake gyarawa kaɗai. Idan wani ciniki ya katse kafin ya kammala kuma aka kasa mayar da abin da ya taɓa yadda yake, SMSVSAM, wato sashen da ke tafiyar da RLS, yakan ci gaba da riƙe kullen layin har sai an warware shi. Kamar buhun geron da aka ba da kafin alƙalami a kansa ne a kasuwar Dole: idan aka sauya rumfa alamar ta goge, yaron shago zai sayar wa wani ba tare da ya san ya yi ɓarna ba. Da na duba da LISTDS, umarnin SHCDS mai nuna halin da fayil yake ciki, na tarar akwai irin waɗannan kulle, kuma share tsohon fayil kai tsaye zai tafi da su.

Na dakatar da fayil ɗin daga CICS, na ba da umarnin FRSETRR domin ya sa masa shaidar cewa yana hannun gyara, sannan FRUNBIND ya kwance kullen ya ajiye su gefe. Umarnin REPRO ya kwashe bayanan zuwa sabon fayil, na ba sabon fayil ɗin sunan tsohon da umarnin ALTER, domin da sunan ne ake sake ɗaure kullen.

A daidai nan rezo ya ɗauke. Na fi rabin sa'a zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya, shayina ya huce, ina tunanin ko wani zai buɗe fayil ɗin alhali kullen suna rataye. Da na dawo na tarar babu wanda ya shiga, sai na ba da FRBIND ya sake ɗaure kullen, na bi shi da FRRESETRR ya cire shaidar gyaran, na sake duba LISTDS, kullen suna nan yadda na bar su. Wannan kaɗai ya sa na yarda da kayan.

Abin da ban so ba shi ne aikin gaba ɗaya ya rataya a kan jeri da kuma natsuwar mai yinsa, ga sunayen umarnan suna kama da juna, ta yadda idon da ya gaji da ƙarfe biyu na dare zai iya rikita FRSETRR da FRRESETRR. Ni a takarda na rubuta su, ina soke kowanne bayan ya wuce. Wanda zai gwada ya fara da fayil na gwaji, kuma idan cinikin da ya maƙale mai warwaruwa ne, gara ya warware shi a CICS tun kafin ya taɓa fayil ɗin.